Kawu Nam da Wutar Can Ƙasa

A gyara tsayuwa, a kashe babura, masu taliya a daina buga tukunya! Ga Sarkin Dalma na kasuwar Nhat Tao, Likitan Matattun Rediyo, Uban Marayun Japan, mai tayar da abin da masu shi suka gama yi wa jana'iza tun a Osaka. Ga Nam Kiem, wanda duk Saigon ta san shi, in dai Saigon ɗin ta tsaya daga bakin lungunmu zuwa teburin mai kofi. Tsayinsa bai kai na firji ba. Singiletinsa ɗaya ce, ko kuma suna da yawa duk da ƙuna a wuri ɗaya, ban taɓa tantancewa ba.

Kirarin da nake masa ke nan duk sanda na ci burki a ƙofar shagonsa. Ni ne Luom. Na yi makaranta har ta gaji da ni, na yi wankin mota, na sayar da gilashin waya, yanzu dako nake da babur, duk abin da 'yan kasuwa suka ɗaure mini a baya in kai. Ku bar ni nan, ba labarina ba ne.

Shagon Kawu Nam siriri ne, in mutum biyu suka miƙe hannu sun taɓa bango da bango. Ƙasa shago, sama gida. Kaya jibge har rufi: amfilifayoyi masu fuskar azurfa, garmaho, rikodoji masu faifan zare biyu kamar idon mujiya. Duk tsofaffin kayan Japan ne da aka cika kwantena da su a matsayin bola. A da, in za a loda su, tsofaffin mujallu ake cusawa a tsakani don kada su farfashe. Sauran 'yan kasuwa suna ba masu shinkafa su yi ƙunshi. Kawu Nam kuwa zama yake ya bi su shafi-shafi, duk inda ya ga tallar kayan kiɗa ya yanke, ya goge da dutsen guga mai ɗumi, ya sa a firam.

Haka bangon hagu ya cika. Ga amfilifaya kan baƙin yadi, alluranta na haske shuɗi. Ga wani mai gemu a kujerar fata, ya lumshe ido kamar ba shi da maƙwabta. Ga mace cikin jar riga, ta jingina da sifikar da ta kai mata ƙugu. Rubutun kuwa ba wanda ya iya karantawa a lungun kaf. 'Yan gayun da ke buɗe gidajen kofi irin na da sun sha zuwa suna lallaɓa shi ya sayar, sai ya nuna musu ƙofa da ƙarfen liƙi.

Amma yanzu in ka shiga, ba hotunan za ka fara gani ba. Giɓin za ka gani, wurare farare masu kusurwa huɗu, kamar bakin da ake cire wa haƙora ɗaya bayan ɗaya. Sannan kunnenka ya gaya maka wani abu: a kasuwar da kowa ke ƙure murya don ya danne maƙwabcinsa, wannan shagon shiru yake. Mutum ya ƙare rayuwarsa kan sauti, amma in zai gwada abin da ya gyara, sai ya manna kunne jikin sifika, ya murɗa kaɗan kamar mai satar ji.

Dalilin duka biyun sunansa Khiet.

Khiet ɗansa ne, shi kaɗai, abokina tun muna yawo ba wando. Ni makaranta ce ta ishe ni, shi kuwa bangon nan ne ya janye shi. Kwanciya yake a ƙasa yana nuni da yatsan ƙafa.

"Waccan amfilifayar tawa ce. Wancan garmahon ma. Sai sifikokin nan, har da matar."

"Ka fara koyon riƙe dalma ba ka ƙona hancinka ba," in ji uban. "Kai kam hannunka ya fi idonka sauri. Sai ka cusa kafin ka duba."

Bai taɓa barinsa ya murɗa ko maɓalli ɗaya na manyan kayan ba. Kullum sai ya ƙara hankali tukuna.

Wannan cusawar kuwa ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Kayan Japan wuta ɗari suke ci, tamu ɗari biyu da ashirin ce. Yaron Nhat Tao ya san haka kafin ya san sunan kakansa. Ka cusa filogi a bango kai tsaye, fat, sai hayaƙi da wari. Don haka kowane saiti sai da taransifoma, ɗan akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya da ke rage wutar. Kawu Nam da kansa yake naɗa nasa a wani injin hannu, ƙas-ƙas-ƙas, tun daga bakin lungu ana ji. Irin na kasuwa yake yi, mai naɗi ɗaya, wutar shiga da ta fita a kan waya guda. In fiyus ya ƙone a ɗaura silin waya a ci gaba. Kowa haka yake yi. Har yau ma.

Wata rana da damina aka sheƙa ruwa bayan azahar, kwata ta yi amai, ruwa ya shigo shago har idon sawu. Kawu Nam ya fita kai aiki. Matarsa, Goggo Lieu, tana sama tana suyar kifi. Khiet ya sauko a guje ba takalmi don ya ɗage kaya daga ƙasa. Taransifoma tana ƙarƙashin tebur, a kunne. Ya sunkuya ya rungume ta.

Goggo ta yi ta kira abinci na hucewa, da ta gaji ta sauko. Ko da na iso an lulluɓe shi da tabarma, ƙafafunsa a waje, farare kamar rogon da aka feƙe. Bai cika ashirin ba.

Daga ranar aka tura injin naɗi ƙarƙashin bene. Mai son taransifoma ya nemi wani shagon. Goggo Lieu ba ta sake taka daɓen shagon ba, ta ƙofar baya take fita. Ba ta ce a daina kiɗa ba. Ba sai ta ce ba.

Da ranar mutuwar ta zagayo, aka yi abin da kowa ke yi. Aka dafa kaza da shinkafa mai danƙo, aka kunna turaren tsinke gaban hotonsa, aka je wurin Iya Muoi mai kayan takarda a sayo abin da za a ƙona masa ya same shi can ƙasa, wurin matattu. Ba abin da babu wurin Iya Muoi: gida mai bene, babur, agogo, waya, rigunan sanyi. Goggo ta ɗauki takalmi. Kawu Nam ya ce a ba shi amfilifaya.

"Wa ke neman wannan a can?" in ji Iya Muoi. "Ga rediyo mai batir, kowa shi yake kaiwa."

Bai karɓa ba. Ya dawo ya tsaya gaban bango, ya sauke firam ɗin da Khiet ke fara nunawa da ƙafa. Akwai wata mai gajeren siket a gefen amfilifayar. Daga saman bene Goggo ta aiko da magana, karon farko cikin watanni.

"Kada a aika wa ɗana matar da ban san iyayenta ba."

Ya sa reza ya yanke ta tsaf. Ya ce ko banza wataƙila tana raye, tana can ta zama kaka, ba a ƙona hoton mai rai.

"Kawu, tunda ba mai so, ni marayan mata ne," na ce.

Ya sa ta a gwangwanin biskit ya rufe.

Shi ke nan ya zama al'ada. Duk shekara firam ɗaya ya sauka, wanda yaron ya nuna, a ƙona masa hoton. Garmaho ya tafi, rikoda ta bi, abin kama tasha ya bi. Goggo kuwa takalmi, kullum takalmi: silifas, kambas, sau-ciki. Wata shekara na ce da alama Khiet shagon takalma zai buɗe a can. Ba wanda ya yi dariya. Na ci kazata na tashi.

Bana saura sifikoki. Tun farkon shekara Kawu Nam yake faɗa wa duk wanda ya zauna: "Bana saiti zai cika. Bana yaron zai ji kiɗa." Har ɗan kumatu ya yi. Na rantse na ga haƙoransa sau ɗaya.

Da lokaci ya matso na goya shi zuwa wurin Iya Muoi sayen rigunan takarda da kuɗin ƙonawa. Muka tarar tana ƙulle wa wata mata waya.

"Ki haɗa da caja, 'yar nan. Bara wata ta aika ba caja, mijin ya hana ta barci har damina ta fita." Ta juyo. "Kai fa Nam, bana me za ka sauke?"

"Sifikoki. Daga su ya cika."

"To barka. Ai ka daɗe da aika masa akwatin rage wutar ko? Kayan naka ba na Japan ba ne?"

Ta faɗe shi kamar mai tambayar ko an sa gishiri a miya, ta ci gaba da ƙulli. Rigar takardar da ke hannun Kawu Nam ta sulale ƙasa. Mutumin da ya kori kwastoma ya fi a ƙirga saboda maganar wuta ɗari, shi ne ya yi shekaru yana aika kayan Japan tsirara, bai taɓa tunawa ba. Ko kuma wurin ne a ransa ba ya taɓuwa, sai tunanin ya dinga kewaye shi.

A hanyar dawowa bai riƙe ni ba. Ina jin bakinsa a bayan wuyana.

"Zai cusa. Yaron nan ba ya dubawa. Zai cusa."

Ran Lahadi da safe tsofaffin abokansa suka hallara ƙofar shago kamar kullum, kowa da kofinsa mai ƙanƙara. Su ne masu gardamar da ba ta ƙarewa kan wace sifika ce ke fitar da muryar mace kamar tana ɗakin. Ranar dai gardama ta koma can ƙasa. Kawu Ut, tsohon direban bas da kunnensa ɗaya ya yi ritaya, shi ya fara.

"Yaya Nam, kwantar da hankalinka. A can tsofaffi sun fi yawa. Muna yara wutar garin nan ɗari da goma ce. Su ke riƙe da ofishin wuta, kuma ka san tsoho da canji. Kayan Japan za su ɗauka, iyaka su ɗan yi zafi."

"To waɗanda suka mutu bayan an canza fa?" in ji na kusa da shi. "Da firjinsu da fankarsu ake aika musu. A ina suke cusawa, a hancinka?"

"Unguwa-unguwa ne mana!"

"Abu mai sauƙi," na ce. "Kawu Ut, kai ka fi kusa da tafiya. In ka isa ka duba mita ka bugo mana."

Ya jefe ni da ƙanƙara. "Ja'irin yaro, a tuƙin nan naka kai za ka riga ni!"

Aka yi dariya, ban da Kawu Nam. Yana kallon giɓin bango.

"In ɗari biyu da ashirin ce," ya ce a hankali, "to duk abin da na aika ya ƙone tun shekarar farko. Yana zaune cikin gawayi, ni ina nan ina sauke masa hoto. In kuma sau ɗaya a rayuwarsa ya ji maganata bai cusa ba, to yana kwance yana kallonsu. Kamar yadda ya kalli bangon nan."

Kowa ya tsotsi kofinsa.

Iya Muoi ta ji abin da bakinta ya jawo, ta aiko jikarta da akwatin kwali wai taransifoma, an shafe shi baƙi an zana masa maɓalli. Kawu Nam ya ɗauka ya girgiza, ya kai mata abinta da kansa.

"Iska ce a ciki."

"Nam, gidan ma iska ce a ciki. Babur ɗin ma."

"Gida ba ya kisa."

A wurinsa tallar mujalla daban take, don hoton abin gaske ne da ya taɓa aiki a hannun waɗanda suka ƙera shi. Ya kwance duk ƙunshin tsofaffin mujallun da ya ɓoye, ya bi su har shafin ƙarshe. Babu. Duk faɗin Japan ba a taɓa samun wanda ya sa mace mai jar riga ta jingina da taransifoma ba.

"Kawu, wannan ai aikin yara ne," na ce. "A aro ɗaya a shagon maƙwabci, in ɗauke ta a waya, a wanke hoton. Talla ta samu."

"Ta maƙwabci? Mai naɗi ɗaya?" Ya dube ni kamar na ce a aika maciji. "Na san abin da ke cikinta."

Daga nan ya durƙusa ya janyo injin naɗi daga ƙarƙashin bene, ya hure ƙura, ya ɗiga masa mai.

Ƙas-ƙas-ƙas.

Bai yi nisa ba muka ji tafiya a sama. Goggo Lieu ta sauko har matakalar ƙarshe ta tsaya. Ta rame ƙwarai, gashinta duk ya yi fari.

"Baban Khiet, me nake ji?"

"Aiki ne."

"Na wa?"

Ya ci gaba da juya mariƙin injin.

"Luom, na wa?"

Ni da ba a taɓa tambayata na rasa amsa ba, sai ga ni ina nazarin yatsun ƙafata.

"Abin da ya kashe shi a nan," ta ce, "shi za ka bi shi da shi can?"

"Ba irinta ba ce." Maganar Kawu Nam na fita da sauri kamar yana yi wa kwastoma bayani. "Wannan naɗi biyu ce, na shiga daban na fita daban, ba sa taɓa juna. Da takarda mai kauri a tsakani. Fiyus na gaske. Ƙafafun roba. Ko a ruwa aka..."

"Ashe ka iya."

Hannunsa ya tsaya kan mariƙin.

"Ashe ka iya tun da," ta ce, ta juya ta hau.

Na ɗauka shi ke nan, injin zai koma inda ya fito. Ya zauna har ƙanƙarar kofinsa ta narke. Sai kuma ƙas, ƙas, a hankali, kamar mai tafiya a ɗakin mara lafiya.

Ya rufe karɓar aiki. Kullum na wuce yana sunkuye, jar waya na bi ta tsakanin yatsunsa, layi kan layi, ko ɗaya bai hau ɗan'uwansa ba. In bai gamsu ba ya warware ya sake. Yatsun suka tsage, ya naɗe su da salatif. Ya jera faranten ƙarfen ɗaya-ɗaya, ya yi mata akwati, ya shafe shi baƙi, ya liƙa mata ƙugiya biyu a baya don a rataye ta, kada ta taɓa zama a ƙasa. Ban taɓa ganin abu mummuna da aka yi wa gata haka ba.

Ana gobe ranar, na zo da wayata. Muka shimfiɗa baƙin yadi kan tebur irin na tallar, muka ɗora ta, ina ta neman ɓangaren da ta fi kyau, babu. Sai ga Goggo ta sauko da bokiti cike da ruwa.

"Kafin a ɗauka, a gwada."

"Na gwada da mita," in ji Kawu Nam.

"Mita ba ta da ƙafa."

Ta tuttular da ruwan a daɓe. Ya bazu ƙarƙashin tebur, ya kewaye ƙafafun kujera. Ta cire silifas ɗinta ta ajiye kan matakala, ta sauko ta taka. Tun ranar tabarma ba ta taka wurin ba.

"Sauke ta ƙasa. Inda waccan take."

"Uwar Khiet, bari ni in taɓa."

"Kai ko ta ja ka cewa za ka yi ba ta ja ba, don dai ka samu ka aika."

"Goggo, a gwada da ni mana," na ce. "Ba wanda zai yi asara. Uwata ma ta sha faɗa."

"Hau kan kujera, ɗan nema, ka ɗage ƙafarka."

Na hau. Ba na jin kunyar faɗa.

Ya sauke taransifomar ya ajiye cikin ruwan. Ya haɗa ta da wata amfilifaya da garmaho da ke kan kanta. Goggo ta tsuguna ta ɗora tafukanta biyu a kan ƙarfen, kamar mai jin zafin goshin yaro.

"Kunna."

Ya riƙe filogin. Sau biyu yana kuskure ramin, mutumin da ke liƙa wayar da ta fi gashi siranta. A na uku ya shiga.

Taransifomar ta ɗauki ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa. Alluran amfilifaya suka kawo haske shuɗi. Goggo tana nan tsugune. Ba abin da ya faru. Ta ƙara danna hannu, ta zagaya da shi gefe da gefe, ta kama ƙugiyar, ta kama dunƙulen baya. Na leƙa fuskarta ina jiran in ga sauƙi. Ban gani ba. Fuskar wadda ta daɗe a tasha ce aka ce mata motar ta wuce.

"Sa faifan," ta ce.

Ya ɗora allura. Wata tsohuwar waƙa ce, mace na jan murya kan jirgin fito da bai dawo ba. Ya murɗa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Ƙara."

Ya ƙara. Muryar ta cika shagon, ta fita lungu, har mai gyaran talabijin na tsallake ya leƙo da sukundireba a baki. Kai, ashe haka abin yake. Kana jin numfashin matar kafin ta ɗauki baiti, kamar ka juya ka ba ta wuri.

"Wannan ne yake ta roƙo ka bar shi ya murɗa?" in ji Goggo.

"Shi ne."

"Kashe."

Ya kashe. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki silifas ɗinta a hannu, ta hau, sawunta na jiƙa matakala. Sai da ta kai sama ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ka aika."

Na goge taransifomar na ɗauki hoton. A shagon wanke hoto na sa aka ƙawata shi da manyan baƙaƙe: SARAUNIYAR RAGE WUTA, BA A TAƁA YIN IRINTA BA. Kawu Nam ya sa reza ya yanke rubutuna kamar yadda yake yanke matan. A farin gefen da ya rage ya rubuta sunan yaron da biro, don kada wata mayunwaciyar fatalwa ta tare a hanya. A ƙasa ya ƙara: Rataye a bango. Sa takalmi. Duba kafin ka cusa.

Washegari da rana tsaka aka fito da gangar ƙarfe bakin lungu. Goggo ta fara, takalman ruwa na takarda masu tsayi har gwiwa. Ta jira suka cinye, ta koma ciki ta ƙofar baya. Kawu Nam ya sauke firam ɗin sifikoki, ya raba su da mai jar riga, ita ma ta shiga gwangwanin biskit wurin 'yan'uwanta. Ya sa hoton taransifoma tukuna, don ta riga isa. Sannan sifikokin. Takardar ta lanƙwashe, katakon da ke cikin hoton ya yi baƙi, ya tashi. Na ɗauko sanda zan tona, ya buge mini hannu, don in aka tona a yage kaya ke isa. Ya yayyafa giyar shinkafa kan tokar, ta yi cuu.

Na waiwaya cikin shago. Bangon ya fi yawa a fari yanzu. Sauran hotunan waɗanda Khiet bai taɓa nunawa ba ne. Ni kuwa ban iya zama da shiru ba. Na haye kan babur na buɗe hannuwa.

"Jama'ar can ƙasa, a gyara tsayuwa! Saiti ya cika! Daga hannun Sarkin Dalma na Nhat Tao zuwa ga Yarima Khiet, amfilifaya, garmaho, rikoda, sifikoki, da Sarauniyar Rage Wuta! Yau ba mai hutawa a unguwarsu! Kawu, ka gama. Kasa kunne, na rantse ya fara."

Kawu Nam bai ɗago ba. Yana tsugune yana kallon toka, gwangwanin biskit a hammata.

"Da me zai haɗa sifikokin? Ban aika wayar haɗi ba," ya ce. "Sai baɗi. Sauka, ka tare wa mutane hanya."